Mansura Ba Ta Karɓar Mutum a Ɗaure

Mansura ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu taɓin hankali a Maraɗi. Kowa ya san halinta: ba ta karɓar majinyaci a ɗaure.

Wata safiya aka kawo Maidawa, wani manomi daga Jiratawa, a kan amalanke, ƙafafunsa cikin sarƙa da kwaɗo, yana ta ihu. Ya riga ya fasa wa maƙwabcinsa kai.

Ƙanensa Ɗanlami ya ce, "Malama, ki yi mashi allura tukuna. In kika kwance shi, ba ruwanmu."

"Ba ni makullin," in ji Mansura.

Mutane suka ja da baya. Mai gadi ya gyara riƙon sanda. Ita kuwa ta durƙusa ta gaishe shi gaisuwar magidanci.

"Baba Maidawa, ina kwana? Ina iyali? Zan kwance ka. Ka yarda in duba ka?"

Ihun ya tsaya. Ta buɗe kwaɗon, sarƙar ta faɗi ƙasa. Ya zura mata ido, numfashinsa sama-sama.

Can ya ce, "Ɗiyata, tun shuka ba wanda ya gaishe ni."