Gwaggwaron Ibironke

A ƙaramin asibitin unguwarmu, can ƙasan dutsen Olumo, akwai wani jan gwaggwaro rataye a ƙusa bayan teburin karɓar marasa lafiya. Na Ibironke Sobowale ne, wadda kowa ke kira Iya Tomiwa, mai kula da bayanan duk wanda ya taɓa miƙa hannu aka ɗebi jininsa a wurin. Ni hawan jini ke kai ni. Na daɗe ina zuwa, har a idona furfura ta fara buɗe mata a gefen kunne kamar auduga a gona.

Sa'ad da ta kama aiki, ma'aikatan kamar 'yan ɗaki ɗaya suke, kuma nan gizo ke saƙar. Kalmar sirri ɗaya ke buɗe duk kwamfutocin, har mai shara ta haddace ta. Fuskar kwamfuta tana kallon bencin masu jira. Uwa-uba, a Abeokuta ba a ce wa babba a'a. Tsohuwa za ta shigo ta ce, "Me aka gani a jinin 'yar ƙanena?" Sai ma'aikaciya ta durƙusa ta karanta mata, tana ganin ladabi ta yi.

Ibironke ta juya kwamfutocin suka ba masu jira baya. Ta matsa wa likita har kowa ya sami kalmar sirrinsa shi kaɗai. Wannan bai yi wuya ba. Harshe ne ya gagara.

"Na'ura mun sa mata kwaɗo," in ji ta. "Bakunanku fa?"

Sai ta ƙirƙiro wasan Juma'a. Da an sallami mara lafiya na ƙarshe, ta naɗa jan gwaggwaron, ta shigo tana taku irin na uwar kasuwa, ta tsaya a kan wanda ta ga dama ta nemi sakamakon wani. Dokar ita ce: ka gaishe ta, ka kai gwiwa ƙasa, ka ba ta kujera da ruwa, amma kada ka faɗa. Wanda ya faɗa, shi zai sayo wa kowa alale.

Lekan mai awon jini, ƙato ne mai iyali, amma da an ɗaga masa murya irin ta manya sai ya narke kamar man ja a rana.

"Yaya Lekan, ko kallonka ban gama yi ba ka zazzage!"

"Anti, muryar kakata kika yi. Wa ya taɓa musu da kakarsa ya ga da kyau?"

"To, tashi. Ni mai ƙwai nake so."

Mai alalen bakin ƙofa har addu'a take yi masa, Allah ya bar shi yadda yake.

Abin da zan faɗa yanzu, Morenike ce ta faɗe shi da bakinta daga baya. Matar wani makaniki ce. Ta sha yin ɓari a baya, kuma duk lokacin, waɗanda suka yi sammakon zuwa barka su ne suka dawo jaje. Da awo ya nuna ta sake samun ciki, ta kama hannun Lekan ta ce kada kowa ya ji sai cikin ya nuna kansa. Musamman surukarta, Iya Alaro mai rini a kasuwar Itoku. Ba muguwa ba ce. So ne ya yi mata yawa: in ta ji da safe, kafin la'asar makaɗa sun cika ƙofar gida.

Ina kan benci ranar da Iya Alaro ta shigo, hannayenta shuɗi har gwiwa, kamar ta wanke sararin sama. Wata maƙwabciya ce ta ga Morenike a nan, ta kai mata labari. Iya Alaro ko kallon teburin Ibironke ba ta yi ba, ta wuce wurin wanda ta san lagonsa.

"Lekan! Kai da na goya ranar da uwarka ke zazzaɓi, ka tsula mini fitsari a sabon zane. Me ka gani a jinin matar ɗana?"

Ibironke ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna. Na ga ta damƙe gefen tebur.

Lekan ya zube ƙasa warwas, rubda ciki, yadda ɗa namiji ke gaida uwa a garin nan.

"Sannu da zuwa, Mama. Ga kujera. A kawo wa Mama ruwa!"

"Ruwa na zo sha? Ciki ne ko ba ciki ba?"

"Mama, ko ta zo ko ba ta zo ba, ba ni da bakin faɗa."

"Ka tashi ka dube ni!"

"In na dube ki zan faɗa, Mama. Nan ya fi mini."

Benci ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. Ta yi lallashi, ta yi gori, ta kira sunan kakansa. Lekan yana manne da siminti kamar ƙadangare, gumi na ɗiga daga hancinsa. A ƙarshe ta shanye ruwan, ta yi tsaki, ta fita tana cewa 'ya'yan zamani sun koyi rashin kunya a kwance.

Ranar nan, Ibironke ce ta sayi alale, kuma Lekan ya ci mai ƙwai.

Damina ta zo ta wuce, cikin ya zauna. Iya Alaro ta ji labari daga bakin Morenike, lokacin da ita Morenike ta zaɓa. Ranar suna Iya Alaro ta yi rawa har gwaggwaronta ya faɗi, ba ta tsaya ɗauka ba.

Bayan biki ta zo asibiti da ɗaurin zannuwan adire, rinin hannunta, kowa da nasa. Sannan ta zauna gaban Lekan, ta naɗe hannun riga.

"Jiri nake gani kwanan nan. Kai za ka ɗiba, mara kunya. In 'ya'yana suka zo tambaya, ka kwanta musu yadda ka kwanta mini."

"Ko babban ɗanki ne, Mama?"

"Shi ne ma ya fi! Bakinsa irin nawa ne."