Shayin da nake haɗa wa leburori

Bulo nake bugawa a Hayin Banki tun ina da ƙarfina. A wurin ɗana na fari ya taso, shi ke kwaɓa siminti. Da na gane yana shan tiramol, babu abin da ban yi ba. Na mare shi a gaban matarsa. Na kai shi gidan mari ya yi wata huɗu, ya dawo da tabon ƙarfe a ƙafa, ko sati bai cika ba ya koma ruwa.

Ƙanwata da ke aikin jinya ita ta dage a kai shi wajen wata likita, irin masu magani da magana. Ya yi makonni yana zuwa shi kaɗai, sannan likitar ta ce in biyo shi.

Ɗakin kujeru uku ne kawai. Likitar ba ta wuce sa'ar 'yata ba.

Na ce, "Likita, ina allurar?"

"Babu allura a nan, Baba. Magana za mu yi."

"Magana? Ai da na kai shi tashar Kawo, can kyauta ake yin ta."

Ta yi dariya, ta dubi ɗana. "Ka ce a gabansa kake so ka faɗa. Ranar farko, a ina ka sha?"

Ya sunkuyar da kai. "A shayin Baba."

Lokacin da nake samun manyan kwangiloli, nakan fasa kafso in zazzage a babban fulas ɗin leburori. Da yawa cikin masu sana'armu haka suke yi, muna kiransa maganin gajiya. Mutanen Zamfara da ke yi mini aiki sai su kai la'asar ba su zauna ba, ni kuwa ina alfahari da su. Shi ma da kofinsa, yana ɗan shekara goma sha shida. Wallahi ban taɓa haɗa abin biyu a raina ba. Nawa magani ne, nasa ƙwaya.

Na ce, "Kai, ni na taɓa ba ka ƙwaya?"

"Kafson nan mai kore da ruwan ɗorawa, Baba. Ni kake aika kemis in sayo."

Innalillahi kawai nake maimaitawa. Likitar ta bari na natsu, sannan ta ce ba shari'a ta kira ni ba. Jikinsa ne ya saba tun bai gama girma ba, ba taurin kai ba ne. Ta ce duk dukan da ya sha, ya ƙi faɗa ne don kada ya kunyata ni.

"Akwai abin da za ka ce masa, Baba?"

Ban taɓa roƙon ɗan cikina gafara ba. Da ƙyar na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Zan yafe, Baba. Amma ba yau ba."

Har yanzu yana zuwa wajenta duk Talata, ni nake raka shi. Sau ɗaya ya zame ya sha, kuma da bakinsa ya zo ya gaya mini. Leburorin nan kuwa, ko sunan ƙauyukansu ban riƙe ba, balle in je in nemi gafararsu.