Makoɗin Inna

Malam Hambali na Zandam manomi ne kamar kowa, sai dai Allah ya ɗora masa son dutse. Tun yana saurayi, in garma ta tono wani dutse mai santsi, sai ya bar huɗa ya tsuguna yana jujjuya shi, kuma har ya haura sittin bai daina ba. Daga Sara har Gwaram akan kawo masa abin da aka tsinta a gona, shi kuwa ya gyara zama ya yanke hukunci. Wannan gatarin aradu ne, amma ba tsawa ce ta jefo shi ba, mutanen da ne suka wasa shi da hannu. Wancan kuwa dutsen rafi ne, a mai da shi inda aka ɗauko. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma ba ya gajiya da tuna wa mutane haka.

Bana da bazara yana sharar gona a kufansu, inda gidan da aka haife shi yake kafin a tashi, sai fartanya ta ci karo da wani baƙin dutse mai girman goruba. Gefe ɗaya duk tabon duka ne, ɗaya gefen ya sha hannu har ya yi sumul. Nan take ya ce gudumar mutanen farko ce, masu zanen nan na duwatsun Birnin Kudu. Ya aika wa Malam Safiyanu, wani malamin tarihi a can, ya zo ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Ranar da malamin ya iso, zaure ya cika. Malamin ya saita waya yana ɗauka, Malam Hambali ya ɗaga dutsen yana zuba bayani, shekara dubu kaza, dubu kaza. Ana cikin haka sai ga yayarsa Fatsuma, tsohuwa mai kaifin baki, ta zo ganin gida daga Sara. Ta yi sallama za ta wuce, sai ta ja ta tsaya.

"Mu gani, Hambali."

Ta karɓa da hagu, dutsen ya zauna mata daram.

"Kai, ina ka samo makoɗin Inna?"

Makoɗi dai shi ne dutsen da mata ke dukan dutsen niƙa da shi, in ya yi santsi ya daina cin hatsi.

"Haba Yaya, wannan ai ya girmi kakan kakanmu."

"Ya girmi wa? Ni na ɗauko mata shi a rafi, shekarar da aka yaye ka. Ba ka ga na bahaguwa ba ne? Duk unguwar nan wa ke koɗa dutse da hagu in ba ita ba?"

Malam Safiyanu ya kashe waya ya sa a aljihu. Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi, da ya fi wa Malam Hambali sauƙi. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai. Ba kuskuren ne ya fi cin sa ba. Shekara ashirin yana cin garin da Inna ta niƙa a durƙushe, ya san hannun mutanen da bai taɓa gani ba, amma bai san mahaifiyarsa bahaguwa ce ba.

Da zaure ya watse, malamin ya roƙi dutsen duk da haka, ya ce shi ma tarihi ne. Malam Hambali ya girgiza kai. Ya shiga gida ya tarar da Fatsuma tana alwala, ya tsaya har ta idar.

"Yaya, to da hagun take ba ni abinci a baki?"

"Da dama take ba ka," in ji ta, tana karkaɗe buta. "Shi ya sa ba ka sani ba. Kai hannun da ke kawo tuwo kaɗai kake kallo."