Baba Falalu da Famfunan Damaga

Kullum bayan sallar asuba, Baba Falalu yakan ɗaure sifana a bayan kekensa ya zaga famfunan Damaga guda uku. Ya tuƙa hannun kowanne, ya kasa kunne ko akwai matsala, ya ɗanɗana ruwan. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana haka, kuma ba wanda ya ɗauke shi aiki.

Famfon farko da ƙyar aka same shi. Wata ƙungiya ce ta yi alkawarin haƙa rijiyar burtsatse, muddin gari zai kawo yashi da tsakuwa da majiya ƙarfi. Sai jami'insu, Malam Mukhtar, ya sa ranar aiki ta faɗo ran kasuwar Maradun. Ya zo ya iske tsofaffi biyu da awaki. Ransa ya ɓaci, ya ce tunda ba a son ruwan, wani gari za a kai wa.

Inna Turai mai fura ta ce da idonta ta ga Baba ya riƙe ƙofar motar.

"Yallaɓai, ko ɗiyarka ka aurar ran kasuwa, wa za ya zo? Ba ni kwana bakwai."

"In na dawo na iske awakin nan fa, Baba?"

"Sai ka tahi da su."

Bai kira taro ba. Gayya ya kira, irin ta noma, har da mai ganga. Ya taka rugar Arɗo Hamidu, suka shirya a gina wa shanu wurin sha nesa da inda mata ke ɗiba. Direbobin tifa na Talata Mafara suka zubo yashi. Baba ya yi ta zarya sakatariyar ƙaramar hukuma har aka gaji aka haɗa shi da injiniya. Ran da Malam Mukhtar ya dawo, wurin ajiye mota ma bai samu ba.

Baba, ka yi haƙuri, na san ba ka son a ambace ka. Amma kai ne ka zaunar da manomi da makiyayi da ma'aikaci a tabarma ɗaya. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Yanzu gwiwa ta ce Baba ya huta, ya jingine keken. Jama'ar Maradun, Bakura da Mafara, kowane gari da famfonsa. Sifanar tana rataye a zaurensa, kuma ya ce duk mai so ya zo da asuba, zai koya masa yadda ake kasa kunne.