Taswirar Malam Bunyaminu

Duk wanda ya yi elemantare a wajajen Bagudo ya san Malam Bunyaminu Ɗanaudu, dogon nan mai muryar da ake ji har bakin Kwara. Mutumin kirki ne, sai dai in ya riƙi magana ba ya waiwaye.

Shekarar da aka samu mulkin kai aka aiko masa da sabuwar taswira. Nijeriya ta sha launi, abin da ke bayan iyaka kuwa fari fat. Malam ya ɗora sanda a kan layin, ya ce wa yara daga nan sai Dahome, ƙasar baƙi.

Kashegari bencin 'ya'yan Dandawa, mutanen bakin iyakar nan, wayam. Hankalinsa ya tashi, don in babu su ajin bai cika ba, rufe shi za a yi. Ya tattara riga ya nufi bakin ruwa wurin Gaji masunci, uban Rabi, ɗaya daga cikin yaran.

Gaji ya ce, "Malam, kai ka ce ma ɗiyata kakatta baƙuwa ta? Uwata tana can ƙetare, Dahome, kowace kasuwa tare muke cin tuwo. Yarinya ta kwana kuka."

Kunya ta kama Malam. Ya ba da haƙuri, ya roƙi a ara masa yaran ranar kasuwa kawai.

Ranar ya fito da aji tsakar fili, ya ja dogon kwari da fartanya, ya tuttula ruwa, ya ce ga Kwara. Kowane yaro ya ɗauki dutse ya aje inda kakanninsa suke, ya gaishe su da harshen gidansu. Nan fa aka ji Dandanci, aka ji Fulatanci, Hausa ma ta samu nata rabo. Iyaye suka baro ciniki suna leƙe suna dariya. Tun daga wannan rana, da haka yake buɗe darasin labarin ƙasa, har ya aje alli.

A wannan rana ta farko, Rabi na tsallaka ruwan da dutsenta sai ga kakar da kanta, ta sauko daga kwalekwale. Tsohuwa ta karɓe dutsen ta yar, ta baje zane ta zauna daram a wurin.

Ta ce, "Ga ni da raina, mi za a yi da dutse? Malam, ci gaba da karatu."