Abin da Larai Mai Lalle Ta Shaƙa a Bakin Inna

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin Larai mai lalle ta Maigatari.

Shekara ashirin ke nan tana zana hannun amare, daga cikin gari har tsallaken iyaka. Boko dai aji huɗu ta tsaya, amma Allah Ya ba ta hanci. Tun daga zaure take gane lallen da ya kwana. A jakarta ba a rasa wata 'yar kwalba ta ruwan goge jan farce, wanda direbobin Damagaram ke kawo mata, don sai an goge fentin farce amarya take alwala. Ruwa ne garau, in ya taɓa fata sai sanyi, kafin ka kifta ido ya bushe. Warinsa kuwa zaƙi-zaƙi ne mai hawa kai.

Bara da kaka aka kira ta: Inna A'i, mahaifiyarta, tana kwance a Ɗanzomo. Ta tarar tsohuwa ta zube, sai shan ruwa take ba ƙoshi, numfashi kamar wadda ta yi gudu. Barau, yayan Larai, yana dama wa tsohuwa kunu da zuma.

"Gajiyar yankan riɗi ce," in ji shi. "Ta sha zaƙi, ƙarfi ya dawo."

Larai ta sunkuya za ta gyara mata matashi, sai ta tsaya cak. Ta sake shinshinawa. Warin kwalbarta ne, daga bakin matar da ba ta taɓa sa jan farce ba! Ta laluba jaka, kwalba na rufe, ko ɗigo bai zuba ba.

"Inna, me kika sha?"

"Me zan sha, 'yar nan, in ba ruwan randa ba?"

"Yaya, ajiye kofin nan. Asibiti za mu."

"A kan wari? Ke da hancin nan naki kamar na kyanwa!"

"Ko na kare ne, nemo mana mota."

A asibitin Gumel, wata nas mai suna Ummulkhair ta karɓe su. Larai ta faɗi abin da ta shaƙa a kunyace, tana jiran dariya. Nas ba ta yi dariya ba. Ta tsoma wata siririyar takarda a fitsarin Inna, takarda ta rine kamar zoɓo. Nan take aka ɗaura wa Inna ruwa, aka yi mata allura.

Sai da ƙafa ta ɗauke nas ta zauna da ita. "Baba Larai, ciwon suga ne. Jikinta ya kasa amfani da sukari, sai ya koma cin kitsensa. Daga nan hanta ke fitar da wasu sinadarai, kiton ake ce musu. In suka taru, jini ya lalace. Da kun ƙara kwana, ban san me zan gaya miki ba. Autansu shi ne asiton, shi ke bin numfashi ya fito."

"Mai kama da na kwalbata?"

"Ba kama ba, shi ne da kansa. Suna ma da 'yan'uwa, ana ce musu aldihayid. Ƙamshin kirfar shayinki, ɗayansu ne."

Larai ta riƙe baki. "Abin da injin masana'anta ke yi a wata uwa duniya, cikin Inna ya yi shi a ɗakin ƙasa? Subhanallahi!"

Kwana na uku Inna A'i ta tashi zaune, ta tambayi wanda ke ba awakinta ruwa. Barau ya fita waje yana share ido. Larai kuwa ta daɗe tana kallon cikin nan da ya ɗauke ta wata tara, kamar yau ta fara ganinsa.

To kai fa, abubuwa nawa jikinka ke haɗawa a yanzu haka, waɗanda ko sunansu ba ka taɓa ji ba?