Ruwan Gwaji a Kan Munduwar Hajiya

Maigidana ya kamu da ciwon azurfa ne a shekarar da annoba ta kulle kowa a gida. Wasu mazan sun fito daga kullen da tumbi, wasu da gemu, nawa ya fito da ilimin da ba wanda ya roƙe shi. Wuni yake yana kallon wasu Turawa a waya suna rantsuwa cewa kuɗin takarda ya kusa zama abin hura wuta, mai hankali sai ya tara azurfa. Shi kuwa bai taɓa jin an ce "mai hankali" bai waiwaya ba.

Da ma ƙananan sulalla yake saye, da da sauƙi. Ina! Manya-manyan fayafayai ne, wani kamar murfin kofi, wani kamar murfin kwanon miya, da hoton tsuntsu a jiki. Ya ce mikiya ce, ni dai ungulu na gani. Ba kuɗin kowace ƙasa ba ne, ko burodi ba za a ba ka da su ba. Gidanmu can sama yake a wani tsohon bene a unguwar Highbridge ta New York, ba lif, don haka mai kawo saƙo ya daina amsa gaisuwata.

Duk Asabar teburin cin abincina yana komawa ɗakin gwaji. Sai ya sa farar safar hannu kamar ɗan sanda mai ba da hannu a titi, ya ɗora faifan a sikeli, ya goga masa maganaɗisu don ya ga ko zai kama. Sannan ya kwashe min ƙanƙarar firiji ya ɗora a kai, wai a kan azurfar gaske nan da nan take narkewa. Daga ƙarshe ya ɗora faifan a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa da fensir, ya lumshe ido.

"Kin ji wannan sound ɗin? Pure ce, wallahi."

"Na ji," in ce masa. "Haka murfin tukunyata yake yi in ya faɗi."

Sai maganar wurin ajiya. Banki bai yarda da su ba. Akwatin ƙarfe kuma, ya ce ai kamar ka rubuta wa ɓarawo "ga shi nan" ne. Ya yi ta zagaye gida yana tunani, har idonsa ya faɗa kan bokitin daddawata da ke ƙasan kabad ɗin kicin, wadda ake aiko min daga gida. Ya ce duk faɗin New York babu ɓarawon da zai buɗe wannan bokitin bai gudu ba. Fayafayan ba su shiga bokitin da gidajen robar da suka zo a ciki ba, sai ya zare su, ya naɗe kowanne a jarida, ya binne a ƙarƙashin daddawa. Ya yi kwanaki yana yaba wa kansa.

Da ya tono su bayan wasu watanni, sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya rantse cutarsa aka yi, ya kinkime su a jaka sai wani shagon azurfa a Manhattan. Mai shagon ya shinshina ɗaya, ya ja da baya, ya ce azurfa lafiyarta lau, tururin abin da aka ajiye ta a ciki ne ya rine ta. Maigidana bai gamsu ba, don gamsuwa na nufin laifin dabararsa ne. Ya dawo da ƙaramar kwalbar ruwan gwaji da ɗan magagari. Ana kankare ƙarfe kaɗan a ɗiga ruwan, in ya yi ja azurfa ce, in ya yi kore an ci kasuwarka. Daga ranar duk abin da ke ƙyalli a gidan ya shiga uku. Cokulana, 'yan kunnena, farantin da aka ba mu na aure, kowanne yana da tabo.

A cikin wannan hali Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo mana ziyara daga Kano. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido. In tana son gishiri yana kusa da shi, ni za ta ce wa, "Ke 'yar nan, ce wa mutumin nan ya miƙo."

Hajiya tana da munduwa guda, mai kauri, mai zanen igiya, a hannun hagu. Marigayi mijinta ne ya sayo mata a wurin maƙeran fari ranar sunan wannan ɗan nata, ya ce mata azurfa ce zalla. Tun daga lokacin ba ta cire ta sai in za ta yi alwala. Ta haihu da ita, ta yi takaba da ita, ta je Makka da ita. A makon farko ta kama hannun 'yarmu ta gwada mata, ta ce ranar aurenta za ta ba ta, don ita ce abu ɗaya da Malam ya bar mata wanda ba a raba gado da shi ba.

Na ga yadda maigidana ke bin munduwar nan da ido. Na tare shi a kicin na ce, "Alhaji, ka gwada komai nawa na yi shiru. Wannan kada ka taɓa."

"Don amfaninta ne ai," ya ce. "A san value ɗin abin."

Wata Asabar Hajiya ta cire ta ta ajiye a gefen tebur, ta yi alwala, ta tayar da sallar azahar. Ina kicin na ji ƙarar magagari. Kafin in goge hannu in fito ya riga ya kankare cikin munduwar ya ɗiga ruwan. Muna tsaye muna kallo ɗigon ya koma kore shar.

Abin da ya fi ƙona min rai har yau shi ne fuskarsa. Murna yake. Bayan duk tabon da ya yi wa kayana a banza, yau ya kama jabu. Hajiya na sallamewa ya durƙusa gabanta da munduwar a tafin farar safarsa.

"Hajiya, kin ga wannan? Fake ce. Ko ɗigon azurfa babu, tagulla ce aka haɗa da wani farin ƙarfe."

Ba ta dube shi ba. Ta ci gaba da jan carbi har ta kai ƙarshe, sannan ta juyo wurina.

"Ke 'yar nan, tambayar min shi. Shi Malam ya sani, ko shi ma cutarsa aka yi?"

Na maimaita masa tambayar kalma da kalma, da gangan, ko da yake a gabansa aka yi ta. Ya dubi kwalbarsa, ya dubi sikeli. Ni kuwa na yi fushin da ban taɓa yi ba a aurenmu, amma gaban suruka ba a ɗaga murya, sai na koma kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Washegari ya ɗauko mafi girman fayafayansa, ya goge shi tas, ya kawo mata wai ta riƙe a madadin waccan, wannan ta gaske ce. Hajiya ta karɓa ta hannuna, ta jinjina nauyinsa, ta juya ungulun sama da ƙasa.

"Ce masa na gode. A wane hannun ake sa shi?"

Ta miƙo min na mayar masa.

Ba ta ƙara maganar ba har ta gama kwanakin ziyararta. Ba ta kuma ƙara kama hannun 'yarmu ba. Ranar da muka raka ta filin jirgi ta ɗaga mana hannu, na ga inda munduwar ta zauna duk shekarun nan, zobe guda na fata mai haske. Na ɗauka a jaka ta saka ta.

Da muka dawo na buɗe durowar kicin zan ɗauki wuƙa, sai ga munduwar a tsakanin cokula da mabuɗin gwangwani. Hajiya ta ajiye ta wurin 'yan uwanta ƙarafa.

Na bar ta a inda ta bar ta. Kullum da safe sai maigidana ya buɗe durowar nan ya ɗauki cokalin shayi. Sau ɗaya ya ce min in ɗauke ta in adana a wani wuri. Na ce ai shi ne masanin ajiya a gidan, ya ɗauke da hannunsa. Har yau tana nan.